Daga Tsoka Zuwa Wuta: Sauyin Ƙofofin Ayon a Jikin Kifayen Lantarki na Afirka da Kudancin Amurka

Tsakure

Takardar nan ta bi diddigin yadda ƙofofin ayon, wato furotin ɗin da ke buɗewa da rufewa a tantanin sel domin sodiyam ko potasiyam su wuce, suka sauya a zuriyar kifayen da ke fitar da lantarki. An fi tsayawa kan zuriya biyu da ba su gaji wannan baiwa daga kaka ɗaya ba: dangin yauni da miligi na kogunan Afirka, da kifayen wuƙa na Kudancin Amurka. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, kafin ƙirar ƙofa ta sauya, sai da wurin aikinta ya sauya. Fitar ƙwayar gado daga tsoka ita ce ta ba ta sararin sauyawa. An kuma nuna cewa kamannin da ke tsakanin zuriyoyin biyu yana da iyaka: ƙwayar gado ɗaya suka ɗauka, amma kowace da hanyar da ta bi.

1.0 Gabatarwa

Masuncin da ke jefa birgi a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi ba sai an gaya masa akwai kifi mai wuta ba. Ya san minjirya, ya kuma san yadda hannu ke sagewa idan an damƙe ta da ganganci. Babbarta tana iya sakin bolt 350. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, da miligi da danginsa, su ma lantarki suke fitarwa dare da rana, sai dai nasu bai wuce 'yan bolt ba, hannun mutum ba ya jin sa.

Wannan rauni ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A littafinsa na 1859 kan asalin nau'o'in halittu, Charles Darwin ya sa gaɓar lantarki ta kifi cikin abubuwan da suka fi ba ra'ayinsa wahala. Matsalar kashi biyu ce. Gaɓar da za ta sumar da abin farauta ko ta kori maƙiyi amfaninta a fili yake, to amma kafin ta kai wannan ƙarfi, wane amfani ya riƙe ta har ta ci gaba? Sannan gaɓar ta bayyana a kifayen da ba su da kusancin dangi, kuma ba a wuri ɗaya take a jikinsu ba.

Yauni ne ya warware kashi na farko. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya ba da rahoto a mujallar Nature cewa Gymnarchus niloticus, wato yauni, yana sakin lantarki daga wutsiyarsa babu ƙaƙƙautawa, kusan sau 300 a kowane sakan. A 1958 shi da Ken Machin suka nuna cewa kifin yana iya bambance tukwanen ƙasa biyu masu kama ɗaya idan abin da ke cikinsu ya bambanta wajen bai wa lantarki hanya. Ashe raunanniyar gaɓa fitila ce a ruwa mai duhu da laka, kuma murya ce tsakanin kifi da ɗan'uwansa.

Kashi na biyu shi ne batun wannan takarda. An tabbatar gaɓar lantarki ta samu aƙalla sau 6, kowace daban: sau uku a teku, a kifin Torpedo, da dangin Raja, da Astroscopus, sau uku a ruwan daɗi, a minjirya, da zuriyar yauni da miligi, da kifayen wuƙa na Kudancin Amurka. Zuriyoyi biyun ƙarshe su suka fi ba da mamaki. Kowace tana da nau'o'i fiye da 200, kowace ta fara yin lantarki kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce, kamar yadda Sébastien Lavoué da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2012. Wanda ya ga kifin wuƙa na Amazon zai ɗauka ƙanin yauni ne, don dukkansu miƙe jiki suke yi sambal suna tafiya da dogon fiffike guda, yauni a gadon baya, kifin wuƙa a ƙasan ciki. Amma ta fuskar dangantaka kifin wuƙa ya fi kusa da tarwaɗa a kan yauni.

2.0 Yadda sel ke haifar da wuta

A cikin kowane sel na dabba potasiyam ya fi yawa, a wajensa kuma sodiyam ne ya fi yawa. Wani famfo da ke tantanin sel shi ke riƙe wannan bambanci: yana fitar da ayon 3 na sodiyam, yana shigar da 2 na potasiyam, a kan kowace ƙwayar makamashi ta ATP da ya ƙona. Saboda haka sel ɗin lantarki da ke hutawa cikinsa na ƙasa da waje da kimanin milibolt 85. Idan saƙo ya iso daga jijiya, ƙofofin sodiyam suna buɗewa, sodiyam ya kwararo ciki, cikin sel ya haura sama da waje. Daga nan ƙofofin su toshe kansu, na potasiyam su buɗe, sel ya koma yadda yake. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka tsara lissafin wannan a 1952.

A tsoka, wannan bugu umarni ne kawai na a motsa. A gaɓar lantarki, bugun shi ne aikin gaba ɗaya. Sel ɗin ya rasa kayan motsi, ya faɗaɗa, ya tara ƙofofinsa a fuskar da ta dace, sannan aka jera shi da 'yan'uwansa kai da gindi. Richard Keynes da Hiss Martins-Ferreira sun auna a 1953 cewa kowane sel na babban kifin lantarkin Amazon, Electrophorus, yana ba da kimanin milibolt 150. Idan aka jera dubbai suka buga lokaci ɗaya, sai a sami ɗaruruwan bolt. A 2019 an auna bolt 860 a nau'in Electrophorus voltai. Tarin faifan ƙarfe da Alessandro Volta ya bayyana a 1800, wanda shi ne batir na farko, shi da kansa ya kwatanta shi da gaɓar waɗannan kifaye.

Kifayen teku wata hanya suka bi, kuma ya kamata a ambace ta don kada a ɗauka hanya ɗaya ce tilas. Ruwan gishiri yana bai wa lantarki hanya cikin sauƙi, don haka Torpedo ya fi buƙatar yawan kwarara a kan yawan bolt. Sel ɗinsa ba ya yin bugun sodiyam ko kaɗan. Ya dogara ne da ƙofar da sinadarin jijiya, asitailkolin, ke buɗewa kai tsaye.

Ita kuwa ƙofar sodiyam, furotin ne guda mai sassa 4, kowane sashe ya ratsa tantani sau 6. Ratsi na huɗu a kowane sashe yana ɗauke da caji na fozitif (+), shi ke jin sauyin lantarki ya ja ƙofa ta buɗe. Tsakanin sashe na uku da na huɗu akwai wata gajeriyar igiya ta cikin sel wadda ke lanƙwasowa ta maƙale a mazauninta, ta tsayar da kwararar cikin kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na sakan. Ina roƙon a riƙe wannan igiya a zuci, don a kanta mafi yawan labarin zai gudana: idan ta toshe da sauri bugu ya gajarce, idan ta yi nawa bugu ya yi tsawo, kuma tsawon bugu shi ne muryar kifi.

Ba zan wuce ba sai na ce bashin da ilimin jijiya ke bin waɗannan kifaye yana da yawa. Daga gaɓar Electrophorus aka fara tace furotin ɗin ƙofar sodiyam a 1978, daga ita kuma Shosaku Numa da Masaharu Noda da mutanensu a Kyoto suka fara karanta jerin amino asid ɗinsa 1,820 a 1984. Ƙofar kilorayid ta farko ta dangin ClC da aka karanta, a 1990, daga Torpedo Thomas Jentsch ya samo ta.

3.0 Ƙwayar gado ɗaya ta zama biyu

Fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce, kundin gadon kakan mafi yawan kifaye masu ƙashi ya ninku gaba ɗaya, kowace ƙwayar gado ta zama biyu. Da yawan kwafin sun lalace daga baya, amma na ƙofofin sodiyam sun tsira: 4 suka zama 8. Ƙwayar da ke yin ƙofar sodiyam ta tsoka, wadda a jikin mutum guda ɗaya ce tak mai suna SCN4A, a kifi ta zama scn4aa da scn4ab. A kifin da ba ya lantarki, dukkansu a tsoka suke aiki.

A 2006 Harold Zakon na Jami'ar Texas da ke Austin, tare da Ying Lu da Derrick Zwickl da David Hillis, suka gano cewa a kifayen lantarkin Afirka da na Kudancin Amurka, scn4aa ta daina aiki a tsoka ta koma gaɓar lantarki, scn4ab kuma ta ci gaba da ɗawainiyar tsoka. Babu mahaɗa tsakanin zuriyoyin, amma tagwayen sun rabu iri ɗaya. Bayan rabuwar, jerin amino asid na scn4aa ya riƙa sauyawa da saurin da ba a gani a 'yar'uwarta ba. Matthew Arnegard da su Zakon sun faɗaɗa binciken a 2010 da nau'o'i masu yawa, suka nuna cewa saurin ya zo daidai da bayyanar gaɓar lantarki, wato fiye da shekaru miliyan 100 bayan ninkuwar kundin. Kwafin ya daɗe yana zaune kafin aikinsa ya zo.

Dalilin da ya sa rabuwa ta riga sauyi ba boyayye ba ne. Telan da ke da keke ɗaya ba ya kwance shi don gwada sabon salo, domin ranar da ya tsaya babu cefane. Mai keke biyu ne ke iya barin ɗaya kan ɗinkin kullum ya yi ta taɓa ɗayan. Ƙofar sodiyam ta tsoka ba ta ɗaukar wasa. A jikin mutum, sauyin amino asid guda a SCN4A yana iya kawo ciwon sandarewar tsoka, ko shanyewar jiki da ke zuwa lokaci-lokaci. Kifin da tsokarsa ta sandare ba zai tsere wa maƙiyi ba, balle ya bar zuriya. Amma da zarar scn4aa ta fita daga tsoka, sauyin da a da zai kashe mai shi ya zama sauyin murya kawai. Su Zakon sun lura cewa wasu daga cikin sauye-sauyen da suka tabbata a kifayen lantarki sun faɗa daidai ko dab da wuraren da ke kawo cuta a ƙofofin sodiyam na mutum. Abin da ke ciwo a can, a nan kayan aiki ne.

A nan ne kuma iyakar kamanni ta fara bayyana. Zuriyoyin biyu duk sun taɓa matakin toshewar ƙofa, amma ɗaya ta fi sauya igiyar kanta, ɗayar kuma ta fi sauya mazaunin da igiyar ke maƙalewa. Manufa ɗaya ce, wurin taɓawa ya bambanta.

Sai tambayar da ta fi jan hankalina: me ya sa scn4aa duka sau biyu, ba scn4ab ba? Da a ce dace ne, da ana iya samun ɗaya a Afirka, ɗaya a Amurka. Ammon Thompson da abokan aikinsa sun auna yawan aikin tagwayen a tsokar kifaye iri-iri a 2014, suka ga cewa tun kafin gaɓar lantarki ta samu, scn4aa ta riga ta ja baya a tsokar kakannin zuriyoyin biyu. Wadda tsoka ba ta dogara da ita sosai ba, ita ta fi sauƙin saki. Sun ƙara da wata shaida daga kifin da ba ya lantarki, Porichthys notatus na gaɓar tekun yammacin Amurka ta Arewa, wanda ke gurnani da wata tsoka ta musamman mai saurin karkarwa. A can ma scn4aa ce ta koma sabuwar gaɓar. A ganina wannan sakamako ya fi na 2006 nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, domin ya nuna cewa maimaituwar da muke mamaki ba ta faɗo daga sama ba. Tsohon tarihin kwafin ne ya karkata ta.

4.0 Makunni

Idan sauyin wurin aiki ne mafari, to ya wajaba a tambayi yadda aka kashe scn4aa a tsoka. Kowace ƙwayar gado tana da guntayen DNA a kusa da ita ko a cikinta da ke aikin makunni: wasu furotin na sel suna kama su, ƙwayar ta kunnu a gaɓa kaza, ta mutu a gaɓa kaza. A 2022 Sarah LaPotin da su Jason Gallant da Johann Eberhart da Zakon suka bayyana a mujallar Science Advances wani makunni da ke kunna ƙofar sodiyam a tsoka, suka gwada shi a jikin ɗan kifin zebra da ake kiwo a ɗakin bincike.

A kifayen wuƙa na Kudancin Amurka makunnin scn4aa ya lalace, kuma lalacewarsa ita ta fitar da ƙwayar daga tsoka. A kifayen Afirka makunnin ya sauya, amma muhimman wuraren kamunsa suna nan, kuma da aka gwada shi ya yi aiki. Ke nan a zuriyar yauni da miligi wani abu ne daban ya yi shiru da ƙwayar a tsoka. Wannan ya isa ya sa mu sassauta yawan cewa zuriyoyin biyu abu ɗaya suka yi. Sakamako ɗaya suka samu.

Haka binciken Gallant da mutanensa na 2014 a mujallar Science ya kamata a karanta shi. Sun kwatanta ayyukan ƙwayoyin gado a gaɓar lantarki ta zuriya 3, har da minjirya, suka ga tsari mai kama: an rage kayan da ke haɗa bugu da motsi, an ƙara na famfo da ƙofofi, an ƙara na girman sel da na rufin da ke hana wuta tsiyaya ta gefe. Tunda duk daga tsoka aka fara, kayan da ke hannu kusan iri ɗaya ne, ba abin mamaki ba ne a sami gini mai kama.

5.0 Potasiyam: abin da yauni ya sake nunawa

An daɗe ana magana kamar sodiyam ne kaɗai ke da labari. Amma buɗe bugu rabin aiki ne, sai an rufe shi.

Zuriyar Afirka ta kasu gida biyu. Gida ɗaya yauni ne shi kaɗai, ba shi da ɗan'uwa a danginsa, kuma lantarkinsa igiya ce mai gudana ba tsayawa. Ɗaya gidan shi ne Mormyridae, su miligi, masu sakin ƙyas-ƙyas a rarrabe, wasu gajerun da ba su kai rabin kashi ɗaya bisa dubu na sakan ba. Tsoka ba ta iya bugu mai wannan gajarta. A 2018 Immani Swapna da abokan aikinta suka nuna a mujallar Current Biology cewa wata ƙofar potasiyam, wadda ƙwayar kcna7a ke yi, tana da yawa a gaɓar lantarkin waɗannan kifaye kuma ta sauya da sauri. Suka ɗauki ta yauni da ta Brienomyrus brachyistius, ɗan Mormyridae, suka dasa kowace a ƙwan kwaɗo, suka auna. Ta Brienomyrus ta fi saurin buɗewa, kuma tana buɗewa tun lantarkin sel bai hau sosai ba, don haka tana yanke bugu tun bai yi nisa ba.

Sirrin yana cikin wani ɗan lanƙwasa na wajen sel, tsakanin ratsi na uku da na huɗu, dab da majiyin lantarki. A Mormyridae wannan wuri ya tara amino asid masu caji kishiyar na majiyin. Ba wani amino asid na musamman suke kamawa ba. Tarin cajin ne ke sauya yanayin lantarkin da ke kewaye da majiyin, ya sa ƙofa ta ji kamar lokacin buɗewa ya yi tun da wuri. Wurin da aka daɗe ana ɗauka mahaɗi ne kawai, ashe wurin saiti ne.

Wannan aiki abin koyi ne ta fuskar hanya, kuma a nan zan yi wa fagen gyara kaɗan. Yawancin hujjojin da ake kawowa na cewa yanayi ne ya zaɓi wani sauyi, lissafi ne: a ƙirga sauye-sauyen DNA da suka canja amino asid, a kwatanta da waɗanda ba su canja ba. Amma ƙwayar da aka sauke wa nauyin tsoka za ta tara sauyi ko da babu wanda ya zaɓe shi, don kawai an daina hukunta ta. Raba waɗannan biyu da lissafi kaɗai yana da wuya. Sai an ciro guntun, an dasa shi a wata ƙofa, an ga halinta ya sauya, sannan magana ta zauna.

Ba kuma duk bambancin murya ne ke fitowa daga jerin amino asid ba. A Kogin Ivindo na Gabon, inda Carl Hopkins da John Sullivan da Arnegard suka yi shekaru suna aiki, nau'o'in Paramormyrops, na dangin Mormyridae, sun yi kama da juna a jiki ƙwarai, amma kowane da sigar bugunsa, kuma sigar ta fi jiki saurin sauyawa. Wani ɓangare na bambancin daga ƙirar sel yake: ko tsiron da jijiya ke kamawa ya huda sel ɗin ya fito ta ɗaya fuskar, ko bai huda ba. Wani ɓangaren daga yawan ƙofofin da aka zuba ne.

6.0 Zuriyar da ta juya labarin

A binciken 2006 akwai nau'i guda da scn4aa ba ta bar tsokarsa ba, kuma ba a ga alamar zaɓi a kanta ba. Ɗan dangin Apteronotidae ne na Kudancin Amurka. Manyan wannan dangi sun yar da gaɓar da aka yi daga tsoka, tasu daga ƙarshen jijiyoyin laka aka yi ta. Wasunsu suna bugawa fiye da sau 1,000 a sakan, kuma babu wani sel na jijiya da aka sani ya fi nasu sauri.

Thompson da Daniel Infield da su Zakon sun nuna a 2018 cewa a wani reshe na wannan dangi, scn4ab, wadda sauran kifaye suka bar wa tsoka, ita ce ta sake ninkuwa. Cikin kimanin shekaru miliyan 2 ɗaya kwafin ya fara aiki a laka, inda ƙofar tsoka ba ta saba zuwa ba, ya kuma tara sauye-sauye a igiyar toshewa da mazauninta. Sakamakon shi ne ƙofar da ba ta rufuwa ruf: sodiyam yana ci gaba da tsiyaya kaɗan-kaɗan, sel bai gama hutawa ba ya sake tashi. A zuciya ko ƙwaƙwalwar mutum irin wannan tsiyaya cuta ce. Jerin matakan bai canja ba, kwafi, sai ƙaura, sai sauyin ƙira, amma ƙwayar daban ce, gaɓar daban, zamanin ma na baya-bayan nan ne.

7.0 Abin da ke tura sauyin

Ƙofa ba ta sauyawa don kanta. Abu uku ke matsa mata, kuma ba su cika jituwa ba.

Akwai neman abokin haihuwa. A kifin wuƙa Sternopygus macrurus namiji ya fi mace kaurin murya, wato bugunsa ya fi tsawo kuma bai kai nata yawa ba. Michael Ferrari da Lynne McAnelly da Zakon sun nuna a 1995 cewa homon na maza yana rage saurin toshewar ƙofar sodiyam. Daga baya aka ga cewa saurin ƙofar potasiyam yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na sodiyam a sel guda. Michael Markham da mutanensa kuma sun gano a 2009 cewa da dare, ko in kifin ya haɗu da ɗan'uwansa, ana kwaso ƙarin ƙofofin sodiyam daga ma'ajiyar cikin sel a dasa su a tantani cikin 'yan mintuna, ƙarfin bugu ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100.

Akwai tsada. Duk sodiyam ɗin da ya shiga sai famfo ya fitar da shi da makamashi. Vielka Salazar da Philip Stoddard sun ƙiyasta a 2008 cewa namijin kifin wuƙa Brachyhypopomus yana kashe kashi 11 zuwa 22 cikin 100 na makamashinsa na yini a kan lantarki, mace kuwa kusan kashi 3. Shi ya sa ake janye ƙofofin da rana.

Akwai kuma mai saurare da mugun nufi. Tarwaɗa tana jin lantarki mai ƙarancin bugu. Susanne Hanika da Bernd Kramer sun nuna cewa Clarias gariepinus, tarwaɗar da muke kiwo a tafkunanmu, tana jin dogon bugun namijin Marcusenius macrolepidotus, ɗan Mormyridae na Kogin Zambezi, fiye da gajeren bugun macensa. Stoddard ya kawo hujja a 1999 cewa irin wannan farauta ce ta sa kifayen wuƙa suka ƙara wa bugunsu fuska ta biyu mai soke ta farko, don kada mafarauci ya ji. Ke nan mace na jan igiyar toshewa zuwa nawa, tarwaɗa na jan ta zuwa sauri. Ina ganin da wuya a fahimci cajin da ya taru a kcna7a ba tare da an sa mafarauci a lissafi ba.

8.0 Inda aikin ya rage mana

Ta ɓangaren Afirka, aikin fili ya fi yawa a Gabon da Kogin Kwango. Kifayen da ake gwaji da su a ɗakunan binciken Turai da Amurka kuwa, irin su Gnathonemus petersii, da yawansu ta hannun 'yan kasuwar kifin ado suke isa can daga Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, sau da yawa ba tare da sanin kogin da aka kamo su ba. Ga mai nazarin sauyin halitta wannan babbar asara ce, domin yanayin ruwa, da irin mafarautan da ke cikinsa, da nau'o'in da ke maƙwabtaka, su ne ke bayyana dalilin da ya sa bugu ya ɗauki sigar da ya ɗauka.

Kwarurukan Kwara da Binuwai da Chadi suna da yauni, wanda duk kwatancin zuriyar Afirka ke komawa kansa tunda shi kaɗai ne a gidansa. Suna da Mormyridae iri-iri. Suna da minjirya, wadda ta samo gaɓarta daban. Suna kuma da tarwaɗa a ruwa guda da su. Ɗaukar sigar bugun kifi ba ya buƙatar fiye da wayoyi biyu a bokitin ruwan kogin, da na'urar ƙara ƙarfin sigina, da kwamfuta. Ina kira ga Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, da sassan nazarin halittu na jami'o'inmu a Nijeriya da Nijar, su fara tara sigar bugun kowane nau'i tare da sunan wurin kamu, da ma'aunin ruwan, da guntun tsoka da na gaɓar lantarki da aka adana don karatun ƙwayoyin gado. Ɗalibin digiri na biyu zai iya fara wannan a Tafkin Kainji cikin damina ɗaya.